Kawuna da Ya Ƙi Rubuta "An Amince"

Tun ranar da aka kai Kawu makwancinsa nake jin wata "sai dai" a bakin masu zuwa gaisuwa, har ta ishe ni. Mutum zai cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya shafa fatiha, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Gwaggonmu ta Tudun Wada ta ɗaga ido ta dubi silin ɗin da ruwa ya yi wa zane, ta ce da ya ɗan sassauta, da yanzu bene ne a wurin nan. Tsofaffin abokan aikinsa na sakatariya suka zo cikin fararen kaya, suna ƙamshin turare, ɗaya ya ce wa Inna, wato mahaifiyata kuma ƙanwarsa, "Hajiya, yayanki ya wahalar da kansa a kan abin da bai kai ya kawo ba." Inna ta ce Allah ya ba da lada. Ni kuwa da ke raba ruwa, saura kaɗan in juye masa kofin a cinya.

Waɗanda ba su ce "sai dai" ba su ne matan rumfunanmu na Kakuri. Sun rufe sana'a suka zo Unguwar Mu'azu a ayari, masu hijabi da masu ɗaurin kai na coci, kowace da kula a hannu. Mama mai tuwo, tsohuwar da mijinta ya yi aikin masaƙa tare da babana, ta zauna daɓas a ƙofar ɗakin Kawu, ta miƙe ƙafafu, tana kuka tana cewa, "Wa zai tsaya mana yanzu?"

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, kada wani ya ce na ɓoye. Ni tela ce, kuma rumfata tana cikin layin nan na bakin tsohuwar masaƙa. Da keken ɗinkina nake ciyar da 'ya'ya uku. Shekara da shekaru ana son rushe layin a gina filaza, wato benen shaguna, kuma abin da ya tsaya tsakaninmu da katafila shi ne wani littafi mai baƙin bango da Kawu ya bari a ɗakinsa. Mutumin da yake son a ɓatar da littafin ya zo gaisuwa har sau biyu. To, ku ji wane ne mai taurin kan da kuke roƙa wa gafara.

Kawu akawun majalisar kansiloli ne. Muna yara muna tsokanarsa, "Kawu akawu, Kawu akawu," ya bi mu da hula. Aikinsa shi ne ya zauna a ƙaramin tebur gaban Kakakin majalisa duk ranar Talata, ya rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yanke. Ba wani babban abu ake yi a wurin ba: kwalbatin da ya toshe, inda 'yan keke-napep za su riƙa tsayawa, motar shara da ta daina shiga wani lungu, sunan da za a sa wa layi. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba ka gajiya da zancen kwata?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abuja tana da nisa, 'yar nan. Wanda zai sa ruwa ya shiga ɗakinki yana nan kusa, da hularsa, ran Talata."

Da hannu yake fara rubutawa, cikin littafin da ya saya da kansa, sannan a buga da Turanci a sa a fayil. A littafin nan kowane kansila yake sa hannu in ya shigo. In mutum ya fita, Kawu ya dubi agogo ya rubuta lokacin, ko da fitsari ya je yi. Suna yi masa dariya a kan haka, suna ce masa mai gadin ƙofa.

Kalmomi biyu gare shi, kuma duk danginmu mun san su. In majalisa ta saurari magana ba ta yanke komai ba, ya rubuta "an ji". In an ɗaga hannu an ƙirga, masu so sun fi yawa, ya rubuta "an amince". Da su ya koma gida, da su yake zaune da mu. Iya, matarsa, za ta ce rufin kicin yana yoyo, ya ce an ji. Ɗansa ya ce yana son babur, ya ce an ji. Wanda bai san shi ba sai ya tafi yana murna, mu kuwa mun san ko ƙofa ba a buɗe ba tukuna.

Lokacin aurena, da yake babana ya rasu, dangin mijina suka je gaishe da Kawu. Suka yi bayani mai tsawo, ya ce an ji. Suka koma bayan sati biyu, an ji. Na yi kuka har idona ya kumbura, na ce wa Inna yayanta ba ya ƙaunata. Ashe ya je garejin da saurayin yake kanikanci, ya zauna a benci wuni guda kamar mai jiran mota, yana kallon yadda yake magana da masu kawo gyara. A zuwa na uku, suna zama ya ce, "An amince." Wani baffan mijina da bai san dawan garin ba ya ce, "To ai dama tun farko ka ce ka ji." Kawu ya ce, "Na ji mana. Kunnena lafiya lau yake."

Ranar Asabar da hantsi yakan fitar da tebur gindin dogonyaron ƙofar gida. Duk mai ƙorafi ya zo: mai son a gyara famfo, mai son a ɗauke juji daga bayan makaranta, dattawan coci daga unguwar Television da ruwa yake cin katangarsu. Ya rubuta musu takarda, ya gaya musu kansilan da za su kai wa, da ranar da za su kai don ta shiga jerin batutuwa. Ba ya karɓar komai, ko goro. Amma in ka ƙara gishiri a labarinka, sai ya ajiye biro. Wani ya taɓa cewa ruwa ya ci gidaje goma a layinsu, Kawu ya tashi ya sa takalmi ya ce su je ya gani. Uku ne. Uku ya rubuta, mutumin ya tafi yana gunaguni, kuma aka gyara kwalbatin.

Kada ku ɗauka son rumfunanmu yake yi. Ba ya son su ko kaɗan. Duk ran da ya biyo ta layin sai ya tsaya bakin kwata ya nuna da sanda, "Wannan ƙyallen na waye?" Ya san nawa ne. Mun yi faɗa sosai a kan haka, har na yi wata biyu ban taka gidansa ba. Ya ce mun toshe hanyar ruwa, mun ci gefen titi, wata rana mota za ta kwashe wata a cikinmu. Na ce masa shi da yake da albashi ya iya faɗin haka. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan maganar nan ba, kuma abin yana cina har yau.

Ga yadda abin ya faru. Wata Talata ce da damina. An daɗe ana cacar baki a kan wurin tsayawar 'yan keke, har azahar ta yi. Kansiloli suka fara zamewa, wannan salla, wannan yunwa, har waɗanda suka rage ba su kai rabi ba, kuma doka ta ce in ba a kai adadi ba, ba a yanke hukunci. Sai da aka zo "sauran batutuwa", can ƙarshe inda kowa ya riga ya ɗauki jakarsa, Kakaki ya zaro wata wasiƙa daga aljihu. Wani attajiri ne yake neman filin rumfunanmu. Ya karanta da sauri kamar mai tsoron ruwa ya kama shi, ya ce, "Akwai mai ja? Babu. An amince," ya buga guduma. Kawu ya dubi kujerun da ba kowa, ya dubi agogo, ya rubuta "an ji".

Su kuma suna da wata al'ada. A farkon kowane zama ya kamata a karanta bayanan zaman baya, kowa ya ji ko an rubuta daidai. Amma wa yake da wannan lokacin? Sai wani ya miƙe ya ce, "A ɗauka an karanta," wani ya ce ya goyi baya, a miƙa wa Kakaki ya rattaba hannu. Kawu ya yi shekaru yana roƙonsu su bari ya karanta, suna cewa, "Malam, mun yarda da kai." Talata ta zagayo, aka ɗauka an karanta. Kakaki da kansa ya sa hannu a ƙarƙashin "an ji", bai ko kalli shafin ba.

Bayan wata huɗu muka ga katafila da motar 'yan sanda da safe. Mata suka fara kwasar tukwane, ni na rungume kan kekena ina ƙoƙarin ɗaga shi. Sai ga Kawu ya sauko daga keke, da takarda a hannu, ko gaisuwa bai yi mana ba. Ya miƙa wa babban ɗan sandan, ya nuna masa layin da yatsa, ya nuna masa sa hannun. Mutumin ya karanta, ya buga waya, ya sake karantawa, ya ce wa direban katafila ya juya. Mata suka ɓarke da guɗa, Mama mai tuwo ta kama rawa da ludayi a hannu. Na ruga na ce, "Kawu, ashe kana sonmu."

Ya ce, "Da ina da ƙuri'a, da na ɗaga hannu a tashe ku. Amma ba a ɗaga hannu ba." Ya nuna kwata. "Kwashe ƙyallen nan."

Washegari Kakaki ya kira shi ofis. Kawu ya ba Inna labarin a gabana, yana ɓare gyaɗa, kamar labarin wani.

"Malam, kuskuren mai bugawa ne. Ka je ka gyara."

"Mai bugawa bai yi kuskure ba, ranka ya daɗe. Abin da na ba shi ya buga."

"Kalma ɗaya ce fa."

"Shi ya sa ba zan taɓa ta ba. A sake kawo maganar ran Talata, kowa yana zaune, a ɗaga hannu. In sun fi yawa, ni zan fara rubutawa."

Ba a sake kawo ta ba, don Kakaki ya san in kowa yana zaune ba za ta wuce ba. Abin da aka kawo shi ne takardar canjin wurin aiki. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu a gaban majalisa aka mayar da shi sashen kwashe shara, yana bin mota lungu-lungu. Sun ɗauka zai ajiye aiki don kunya. Ya sayi takalmin roba ya shiga, ya riƙa rubuta lokacin da kowace mota ta fita da lokacin da ta dawo, har direbobin suka fara kuka da shi. A nan ya yi ritaya. Ba a yi masa walima ba, ba a ba shi ko agogon bango ba.

Fayil ɗin ofis kuwa, wai ruwa ya zubo daga rufi ya jiƙa shi, shafi ɗaya tak. Aka buga sabo, a ciki an amince. Muka haɗa kai muka kai ƙara, shari'a tana ta jan ƙafa. Lauyanmu ya ce in Kawu ya zo da littafinsa ya ba da shaida, magana ta ƙare. An sa ranar a wata mai zuwa. Ran Alhamis bayan la'asar yana zaune gindin dogonyaro yana jin rediyo, Iya ta kawo masa kunu ta tarar rai ya yi halinsa.

Ran sadakar uku tsohon Kakakin ya zo, yanzu ya ƙara girma, Honorabul ake ce masa. Ya yi addu'a mai tsawo, har da share ido. Da zai tafi ya ja Yaya gefe, wato babban ɗan Kawu, ya ce littafin nan kayan gwamnati ne, bai kamata ya zauna a gida ba, zai zo ran bakwai ya karɓa ya mayar inda ya dace. Ya kuma ce ana ɗaukar ma'aikata a sakatariya, Yaya ya kawo takardunsa. Yaya ya gama jami'a shekara takwas ke nan, keken wani yake tuƙawa, yana da mata da 'ya'ya biyu. Na san wannan duka, amma da ya gaya mana sai da na ji kaina ya yi zafi.

"Ke rumfarki kike karewa," in ji shi.

"E, rumfata nake karewa. Shi kuma Kawu da ya yi shekara huɗu a cikin shara, me yake karewa?"

"Ya bar mana me? Littafi za mu ci?"

Na tashi na bar masa ɗakin. Na fita tsakar gida na wanke tukwanen da an riga an wanke.

Ran bakwai da safe ƙofar gida ta cika. Liman yana zaune, dattawan unguwa, mutanen sakatariya, tsofaffin kansiloli, matan rumfuna kuma sun cika soro da tsakar gida. Bayan an shafa, Yaya ya shigo ɗakin Iya kansa a ƙasa ya ce ta ba shi littafin. Iya tana takaba, tun rasuwar ba ta ce uffan a kan maganar ba. Ta ɗaga katifa ta zaro shi, ta tsallake hannun ɗanta ta miƙo mini.

"Kai wa Honorabul," in ji ta. "Amma ki karanta masa shafin tukuna a gaban jama'a, kada gobe a ce mu muka canja. Mahaifinku ya gaji da a ɗauka an karanta."

Ni mace ce, ba a san mace da tsayawa gaban maza a zaman makoki ba. Na gyara mayafi na tsaya a bakin soro, na yi sallama na ce Iya ce ta aiko ni. Na buɗe. Rubutun nan nasa ne, ƙanana a jere kamar ɗinkin hannu. Na karanta ranar, na karanta waɗanda suka sa hannu. Na karanta wane ya fita ƙarfe ɗaya da minti goma, wane ɗaya da kwata, wane da wane ɗaya da rabi saura minti biyar. Na karanta yawan waɗanda suka rage, da cewa ba a ɗaga hannu ba, da kalmar da ya rubuta a ƙasa.

Honorabul ya yi murmushi ya ce, "Malama, wannan ai rubutun mutum ɗaya ne, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ba a nan ake wannan magana ba."

Sai wani tsoho ya dogara sanda ya miƙe daga can baya. Tsohon kansila ne, mutumin Television, dattijo a cocinsu, shekarun nan duk bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba.

"Ni ne na uku da ta karanta," in ji shi. "Na fita. Ba na cikin ɗakin. Ni da mutum uku tuwo muka je ci."

Daga cikin soro Mama mai tuwo ta ɗaga murya, "A rumfata. Miyar kuka, ni na zuba musu. Shi har ƙari ya nema."

Allah ya yafe mana, gidan makoki ne amma dariya ta ɓarke, har liman ya rufe baki da gefen rawani. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce ya ji kunyar mamacin yana raye, ba zai ƙara jin kunyarsa yana kabari ba, kuma in kotu ta kira shi zai je ko a kan gadon asibiti yake. Wani ma ya miƙe ya ce shi ne na huɗu.

Honorabul ya miƙo hannu. Kafin in motsa, Yaya ya karɓi littafin daga hannuna. Na ce a raina shi ke nan. Ya tsaya riƙe da shi, yana kallon bangon, sannan ya wuce gaban Honorabul, ya durƙusa ya ajiye shi a cinyar liman ya ce, "Malam, amana. Sai alƙali ya nema." Honorabul ya tashi ya kaɗe riga, ya ce wa Yaya ba sai ya wahalar da kansa da kawo takardun nan ba. Yaya ya ce ya gode. Da la'asar ya ɗauki makullin keke ya fita aiki, bai yi mini magana ba, har yau ma gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Don haka mai zuwa gaisuwa, ka roƙa wa Kawu gafara a kan abin da Allah ya sani mu ba mu sani ba, kowa yana da nasa. Amma taurin kan nan ka bar masa abinsa, ni ina roƙon a sa masa shi a mizani. Allah ka yalwata masa kabari, ka sanyaya shi, ka ba Iya haƙuri, ka buɗa wa Yaya ta inda ba sai ya sunkuya wa kowa ba. Ina kewarsa, har faɗan kwatar nake kewa.

Washegarin bakwai na koma rumfa, na tarar an shafa jan fenti a ƙofofinmu duka, an rubuta a tashi cikin sati biyu. Mama tana can ta riga ta hura wuta. Na buɗe, na share, na kwashe ƙyallayen bakin kwata, na sa wa keke mai. Wata mata ta zo da leshi na bikin ƙanwarta, bikin sai nan da wata biyu. Ta dubi fentin, ta dube ni, ta ƙanƙame ledarta.

"In na dawo zan same ki kuwa?"

Na zare tef daga wuya na ce ta ɗaga hannu in auna. Na ce ta zo ana saura kwana uku, da safe kafin rana ta yi zafi, nan za ta same ni.